Ki Gaya wa Wancan Ya Tafi Ta Nesa

Ban samu jana'izar Baba ba. Gara in faɗa tun yanzu, tunda duk wanda ya zo yi min gaisuwa da nan yake farawa, shi a dole lallashi yake. Labarin rasuwar ya same ni ne a makaranta, can Kudu, ƙetaren kogin Neja, ta bakin wani direban babbar mota ɗan unguwarmu mai zuwa ɗaukar manja. Kafin ya kai inda nake, kafin ni kuma in iso Kano, har an yi sadakar uku. Da aka raka ni maƙabarta, ƙasar kabarin ta riga ta bushe.

Amma mutane ba su daina zuwa ba. Ƙofar gidanmu a Ɗorayi tabarmi ne har bakin kwata. Da an busa jiniyar tashi a kamfanonin Sharada sai ka ga abokan aikinsa sun ɓullo a kan kekuna, wasu ko kayan aiki ba su tuɓe ba, warin roba yana biye da su. Akwai waɗanda suka taso tun daga Bompai da Challawa, mutanen da Baba ya koya wa riƙon inji kafin su canza kamfani. Wani dogo ɗan Nijar ya durƙusa a gabana yana share ido da bakin rawaninsa, ya ce ranar da inji ya kama masa hannun riga Baba ne ya yi tsalle ya kashe wuta, ba don haka ba da hannu ɗaya zai yi min gaisuwa. Liman ya ce duk butar da ke masallacin unguwa ta hannun marigayi ta zo. A cikin gida kuwa Gwaggo, ƙanwar Baba, tana ganina ta dasa sabon kuka, tana cewa ga shi nan, ga wanda aka tura bangon duniya, ya zo bai tarar ba. Inna ruwa kawai ta miƙo min.

Can gefe a kan benci ga Baffa. Ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini. Abokin aikinsa ne, Kirista, mutumin kudancin Zariya, injinsa da na Baba suna kallon juna tun ban yi wayo ba. Baba yana riƙe masa aikin Lahadi da na Kirsimeti, shi kuma yana riƙe wa Baba Juma'a da Sallah. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, in an shafa addu'a amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce in ƙafa ta ɗauke yana son ganina.

Abin da ya fi ci min rai a zaman makokin nan ba rashin samun jana'izar ba ne kaɗai. Kowa ya zauna sai ka ji ya ce Malam ya taɓa ce min kaza, Malam ya taɓa ce min kaza. Kowa da maganar da zai koma gida da ita. Ni da nake ɗansa na fari ina zaune a tsakiyarsu ina ta lalube, ban samo magana ɗaya da Baba ya taɓa duban idona ya gaya min ba. Sunana ma ban taɓa ji a bakinsa ba. Kuma ga tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita, wadda na yi ta cewa in na gama karatu zan samu amsarta: makarantar nan mai nisa, zaɓa min ita ya yi, ko kuwa nesanta ni ya yi da ita? Yanzu mai amsar yana ƙarƙashin ƙasa.

Na san yaran birni za su ce wane irin uba ne wannan. Baba mutumin ƙauye ne daga gabashin Kano, kuma a wajensu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka nuna ka san da zamansa a gaban mutane. Wasu iyayen in yaro ya girma sukan sassauta. Baba bai san wannan ba. Ni “wancan” ne har na yi gemu. Ina zaune a gabansa, numfashinsa ma ina ji, sai ya juya wajen Inna ya ce ta gaya wa wancan ya rage sumar nan. Inna ta juyo ta ce, “Ka dai ji.” Ita ma ni ne ɗan farinta, amma ta ce in duka su biyu suka yi kunya, wa zai raini yaron? Ƙannena kuwa har wuyansa suke hawa, yana kiran kowa da sunansa, har da na tsokana. Ina kallo, kuma ba zan yi ƙarya ba, yana yi min ciwo.

Kamfanin da yake aiki a Sharada butoci yake yi da bokitai da bahuna. Da keke yake zuwa, ya dawo rigarsa tana warin ƙonanniyar roba, naɗin ƙafar wandonsa cike da ƙwayoyin roba farare kamar shinkafa. In ya karkaɗe su a tsakar gida kaji su yo caa, Inna ta bi su da tsintsiya tana faɗa, wai wata rana sai mun yanka kaza mun tarar da bokiti a cikinta. Butocin da suka fito da aibu, launi ya cakuɗe ko baki ya karkace, su yake karɓowa ya ɗaure a bayan keke. Ya zauna da wuƙa a bakin murhu ya gyara su, ya raba wa masallatai da tsofaffin unguwa. Mu kanmu a gidan ba mu taɓa yin alwala da lafiyayyar buta ba.

Yana da wata ɗabi'a mai ba Inna kunya. Duk inda aka miƙo masa abin roba, ko a gidan biki ne, sai ya kifa shi ya duba gindinsa, ya shafa da babban yatsa. Wani lokaci ya gyaɗa kai, wani lokaci ya ce an yi mata gaggawa. Ya taɓa kifa kofi da sauran ruwa a ciki a gidan surukansa. In abu ya fashe aka zagi roba, sai ya ce roba ba ta da laifi, wuta ce aka yi mata ba daidai ba. Har a kan mutane yakan faɗi haka. In aka kawo ƙarar wani yaro ya lalace, ana cewa a kore shi daga unguwa, sai Baba ya ce a fara tambaya wace irin wuta aka yi masa a gida.

Ina jin daga nan son abin ya shige ni, don babu wanda ya ce min in so shi. Da na gama sakandare, kafin sakamako ya fito, na nemi aikin wucin gadi a kamfaninsu. Baba ya yi kamar bai taɓa ganina ba, helma, shugaban ma'aikatan sashen, ya haɗa ni da Baffa. Wanda bai taɓa shiga ɗakin injunan nan ba ba zai gane ƙararsu ba. Ko ihu ka yi a kunnen mutum ba zai ji ba. Saboda haka tsofaffin ma'aikata ba sa wahalar da maƙogwaronsu, baki kawai suke motsawa, na can ya karanta a leɓe. Daga wannan bango zuwa wancan za a yi hira, a yi gulmar helma, a yi dariya, ba ka ji komai ba. Baffa da Baba sun fi kowa iyawa. Ni har na bar wurin ban iya ba. Abin da na lura da shi kawai, in Baba yana tsaye a gaban injinsa, yana jiran mazubin ƙarfe ya buɗe ya ciro buta, bakinsa ba ya daina motsi ko ba da kowa yake ba. Na ce a raina tsohon nan akwai zikiri.

Da sakamako ya fito, makarantu biyu suka ba ni gurbin karatun injiniyan roba. Ɗaya tana nan kusa, in ka taso da safe da kai za a ci abincin rana a gida, sai dai sashen sabo ne, a lokacin aka buɗe shi. Ɗayar ita ce ta ƙetaren kogi, a ƙasar da ake tatsar roba a jikin bishiya, tafiyar da sai ka kwana a hanya. Ni ta kusa nake so, kuma ban ɓoye ba. Akwai tsoron baƙon wuri, akwai kuma tuwon Inna, ba zan musa ba. Amma babban dalilina tarin Baba ne. A lokacin ya fara wani tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, in ya kama shi sai ya dafa bango. Ni ne babba. In wani abu ya taso, wa za a kira?

Kowa ya sa baki a maganar. Malamaina suka ce duk wadda na ɗauka ta yi. Gwaggo ta ce a kai yaro inda ko kiran sallah ba zai ji ba, wannan ba da ita ba. Baba kaɗai ne bai ce uffan ba, kuma tasa ake jira. Ana haka ya ɗauki hutunsa na shekara, ya ce za shi ƙauye gaida dangi. Ya dawo a rame, ƙafafunsa sun kumbura, kuma ba daddawa, ba kuka, ba ko tafin gero. Inna ta yi ta mita, wai yaushe mutanen ƙauye suka koyi rowa haka.

Washegari bayan la'asar ina tsakar gida ina wanke takalmi, yana zaune a kan tabarma, Inna tana tankaɗe. Ya yi gyaran murya ya ce:

“Ki gaya wa wancan ya tafi ta nesa.”

Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya. Na ce wa Inna ta tambaye shi dalili. Ya ce ta ce min an gama magana. Na ce ta tambaye shi me na tsare masa a gidan nan da sai an kai ni inda ba za a riƙa ganina ba. Inna ta tsaya da rariya a hannu, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce ita ba za ta kai wannan saƙon ba. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ajiye takalmin, na zo na durƙusa daidai gabansa.

“Baba, da ku nake. Ku dube ni ku gaya min dalili, ko sau ɗaya.”

Bai dube ni ba. Ya kafa wa bango ido, tarin ya taso masa, ya yi ya gama. Ya jawo takalmansa ya saka, ya fita masallaci, alhali magariba da sauranta. Inna ta ce na yi rashin kunyar da ba a taɓa yi a danginsu ba. Har yau ban yarda laifi na yi ba. Tambaya na yi, kuma ina da hakkin in yi ta.

Ranar tafiya bai raka ni tasha ba, aikin safe gare shi. Inna ce ta fito min da wata buta shuɗiya, ta ce in ji shi. Na juya ta, na kifa ta, na shafa gindinta yadda yake yi. Ba aibu ko ɗaya. Ita ce lafiyayyar buta ta farko da ta shigo gidanmu, kuma da ita aka sallame ni. A mota na rungume ta ina jin haushi, na rasa ko kyauta ce ko sallama.

Makarantar ta yi kyau, wannan ba zan ci amanarta ba. A can na san abin da ke cikin ƙwayoyin nan da kajinmu suke tsattsaga, na san me ya sa wata robar take lanƙwasa wata take karyewa. A can kuma na san cewa akwai robar da in wuta ta yi mata yawa, hayaƙinta cin ƙirji yake. Ranar da aka koya mana wannan ban iya cin abinci ba. Da na zo hutu na ce wa Inna ta gaya masa ya riƙa rufe hanci, ya nemi a canza masa wurin aiki, ya je asibiti. Yana zaune yana ji. Ya ce, “Ki ce masa an ji.” Duk zuwan da zan yi sai na tarar ya ƙara ramewa, kuma duk komawar da zan yi sai na ce saura kaɗan, in na karɓo takardata zan ajiye ta a gabansa in ga ko zai ɗago kai. Ina shekarar ƙarshe direban manja ya zo yana tambayar ɗakina.

Da ƙafa ta ɗauke na je wajen Baffa kamar yadda ya ce. Ya ce in zo mu je kamfani mu kwaso kayan Baba. A 'yan makonnin nan an kashe sashensu, ƙwayar roba ta daina isowa daga waje, ana ta tura ma'aikata gida. Mai gadi ya yi min gaisuwa ya buɗe mana. Ban taɓa sanin ɗakin nan yana iya yin shiru ba, har takun ƙafarmu muna ji. Rigar aikin Baba tana rataye a ƙusa kusa da injinsa, ga butarsa mai karkataccen baki a ƙasa.

Baffa ya zauna a kan wani buhu, ya tambaye ni ko na tuna shekarar da Baba ya je ƙauye ya dawo hannu wofi. Na ce na tuna. Ya ce to ba ƙauye ya je ba, kuma tare suka tafi. Tun da na fara maganar karatun roba, in ɗalibai suka zo kamfani sanin makamar aiki, Baba yakan sa Baffa ya tambaye su daga wace makaranta suke, me ake koya musu. Bai gamsu da ji ba, ya ce sai ya gani da idonsa. Shi ba Turanci, saboda haka ya ja Baffa ya yi masa tafinta. Suka fara da ta kusa. Malamai masu kirki, suka karɓe su hannu biyu, amma suka gaya musu gaskiya cewa injunansu ba su iso ba tukuna. Daga nan suka hau mota suka ƙetare kogi, Baba yana tari, mutane suna matsawa daga kusa da shi.

A can wani malami ya zaga da su ɗakin injuna. Baba ya kifa duk bokitin da ya gani. Sannan ya sa Baffa ya yi tambayar da ya ce ta daɗe tana damunsa: me ya sa wata rana roba take hayaƙi mai yaji, wata rana ba ta yi? Malamin ya ɗauki alli ya yi ta bayani, Baffa yana juyawa iya abin da ya gane. Malamin ya nuna musu wani bututu a saman injin mai zuƙe hayaƙin ya fitar ta rufi. Baffa ya ce Baba ya tsaya a ƙarƙashin bututun nan ya ɗaga kai yana kallo, har sai da shi Baffan ya taɓa kafaɗarsa. Baffa ya ci gaba:

“A mota muna dawowa ya ce min, ‘Ni na san yadda ake yi, ban san dalili ba. Shi ya sa na shaƙa. Can za shi, inda za a gaya masa dalili.’ Na ce, Malam, wurin nan da nisa, ga ƙirjinka. In ta Allah ta kasance yaron nan ba zai same ka ba. Can ya ce, ‘Na auna hanyar, ai shi ya sa na biyo ta.’”

Baffa ya ce saƙon da na aiko ta bakin Inna ma bai faɗi ƙasa ba. Washegari Baba ya zo da tsofaffin zannuwan Inna ya yayyaga, ya bi samarin sashen ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura musu a hanci. Wanda ya ƙi, ya ce masa injiniya ne ya faɗa. Shi kansa bai cika ɗaurawa ba, wai nasa ya riga ya shiga.

Na zauna a ƙasa, a kan simintin nan mai maiƙo, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ashe ya san ba zan same shi ba. Ya sani tun ranar da na durƙusa a gabansa ina neman dalili, dalilin yana bakinsa, ya ɗauki takalmi ya fita. Wallahi na so a ce ya gaya min, ko da zan ƙi tafiya. Ina jin kuma shi ya sa bai faɗa ba. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi iska mai daɗi a inda ya je.

Da na ɗan natsu na ce, “Baffa, ku gaya min gaskiya. A duk tafiyar nan, ko sau ɗaya, ya ambaci sunana?”

Ya ce a mota dai “wancan” ne, har a gaban malamin ma “wancan” ne. Sai ya yi wata 'yar dariya, hawaye yana bin gemunsa. Ya tambaye ni ko lokacin da na yi aiki a nan na lura bakin Baba ba ya zama shiru a gaban inji. Na ce na lura, zikiri yake yi.

“Akwai zikiri,” in ji shi. “Amma ni da nake tsaye a can ina kallon bakinsa shekara da shekaru, na san inda zikirin yake ƙarewa. Nan ne kaɗai wurin da ba mai jin sa, ɗana.”

Ya tashi ya je ya tsaya a gaban injin Baba, daidai inda ƙafafun marigayin suka cinye simintin. Ya ɗora hannu a kan ƙarfen kamar mai jiran buta ta fito. Ya juyo ya dube ni, ya motsa leɓunansa a hankali, ba sauti.

Ni da ban taɓa iya karanta bakin kowa a ɗakin nan ba, wannan na karanta shi.